Tsara da Karatu: Tarihin Ɗan Talaka da Makaranta a Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yaro yana da masu tarbiyya iri biyu. Akwai iyayen da suka haife shi, akwai kuma tsararsa, watau sa'o'in da yake kiwo da su, ya yi gayya da su, ya yi hirar dare da su a dandali. Daga shekara goma sha uku zuwa wajen ashirin, sau da yawa maganar tsara ta fi ta iyaye shiga kunne, domin faɗan uba na ɗan lokaci ne, amma dariyar abokai tana bin mutum har makwancinsa. Hausawa sun daɗe da lura da haka, shi ya sa suka ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

A wannan ɗan bayani ina so mu duba yadda wannan matsi na tsara ya yi ta cuɗanya da burin karatu na ɗan talaka a ƙasar Gwandu, watau garuruwan manoma da makiyaya irin su Dangoma da Kalgo da ke Jihar Kebbi, tun daga zamanin jihadi. Abin da na fahimta shi ne, tsara ba ta ƙago magana daga iska. Samari suna duban abin da karatu ya yi wa yayyensu ne, sa'an nan su yanke hukunci. Saboda haka duk lokacin da darajar karatu ta sauya, sai zambon da ake yi wa mai karatu shi ma ya sauya.

Kafin Zuwan Turawa

Ƙasar Gwandu ba baƙuwar ilmi ba ce. Wanda ya kafa daularta, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, malami ne kafin ya zama sarki, kuma za a iya cewa bai taɓa son sarautar kamar yadda ya so littafi ba. An haife shi wajen 1766, ya yi karatu a wurin yayansa Shehu Usmanu da sauran malamai irin su Malam Jibrilu ɗan Umar. Har littafi guda ya rubuta, Ida'un Nusukhi, don kawai ya lissafta malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Wanda ya duba tarihin wannan jama'a zai ga cewa samari ne 'yan'uwa da abokai suke bin malami ɗaya, wannan ya ga wancan ya sauke littafi, shi ma ya ɗaura ɗamara. Ke nan tsara ce ta riƙa tura su gaba.

Haka abin yake a makarantar allo. Almajiri ba ya bukatar kuɗin makaranta, allo ne da tawada da alƙalamin kara, sai kuwa itacen da zai kawo a hura wutar karatun dare. Abin kunya ne babba a ce sa'anka ya wuce ka da izu biyu ko uku, balle a ce an yi masa zayyana ya sauke kai kana nan kana fama. Ta wannan hanya ɗan da ubansa ba shi da ko akuya yakan zama alaramma, ko limami, ko ma alƙali. To, amma fa kada mu yi wa zamanin ado fiye da kima. Ɗan bawa da ke rinji, da ɗan makiyayi da ke bin shanu rani da damina, ba kasafai wannan ƙofa take buɗe musu ba. Abin da ake auna saurayi da shi a ruga shi ne jimirin kiwo da jure bulalar sharo, a ƙauyen manoma kuwa, yawan kuyyan da ya nome ranar gayya.

Shi kansa Malam Abdullahi ya ɗanɗana ɗacin sauyawar abokan tafiya. Bayan an ci Birnin Kebbi a 1805, aka zauna a Gwandu, sai ya ga da yawa daga cikin mutanen da aka fara harka da su don ilmi da gyara sun koma neman dukiya da dawaki da muƙami. Abin ya dame shi har ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Mutanen Kano ne suka tsayar da shi, ya zauna yana karantar da su, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, daga baya ya komo gida. Ya ba da labarin wannan a Tazyinul Waraƙati. In har malami irin wannan, wanda ya kai shekara arba'in, ya ga ba shi da mafita sai ya yi nesa da jama'arsa na ɗan lokaci, ina ga yaro ɗan shekara goma sha biyar?

Ya rasu wajen 1829, amma littattafai ba su bar garin ba. Da matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, a nan ya samu kwafin Tarihus Sudan, babban littafin tarihin daular Songhai, ya zauna yana kwafar abin da ya iya.

Boko da Zambo

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nassarawa ta Kano, daga nan aka riƙa buɗe makarantun lardi da na elementare a hannun En'e. Nufin Turawa ba wai su ilmantar da kowa ba ne. 'Ya'yan sarakuna suke so, da 'yan malamai kaɗan da za su riƙe littafin haraji da na kotu.

Talakawa kuwa ba su ga dalilin ba da ɗansu ga mutanen da jiya-jiya suka yaƙi Sarkin Musulmi, suka kuma ƙone Satiru a 1906 ba. Saboda haka ɗaukar yara makaranta ya zama kamar karɓar jangali. Hakimi ya aiko wa dagaci cewa ana son yara kaza, dagaci ya shiga neman wanda zai bayar. Mai hali ya san yadda zai yi ya fanshi ɗansa, wani ya ɓoye nasa a rumbu, wani ya tura shi wajen dangi a wani gari. A ƙarshe wa ake samu? Maraya, da ɗan bara, da ɗan wanda ba ya ga maciji da dagaci. Labarin masu sarautar da suka tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu ya bazu a duk Arewa, har ma da ƙasashen da Faransa ta mallaka.

Mai karatu ya dubi halin da irin wannan yaro yake ciki in ya zo hutu. Ya dawo da gajeren wando da 'yan kalmomin Turanci, ya tarar sa'o'insa sun yi gaba a allo, hannuwansu sun yi kanta da fartanya, shi kuwa nasa sun yi laushi. Akwai waƙar zambo da yara suka riƙa bin 'yan makaranta da ita a garuruwa da yawa, tana zarginsu da barin salla da raina malamai, kuma har iyayenmu sun tarar da ita. A dandali a kira shi ɗan boko, ko yaron Nasara, budurwa ta ƙi tsayawa da shi. Ɗan sarki in an yi masa haka yana da gidan da zai fake, ɗan talaka kuwa tsarar nan ita ce dukan abin da ya mallaka. Ba abin mamaki ba ne da gudu daga makaranta ya zama ruwan dare, har sai an tura dogari ya kamo yaro.

Wani abin da ya fi zambo ja shi ne cin rani. Da an gama girbi, samarin Lardin Sakkwato sukan kama hanya zuwa Kudu ko Gwanja, watau ƙasar Gana, su yi dako ko ƙodago a gonakin koko. Yawansu ya kai har wani Bature mai suna Prothero ya yi bincike na musamman a kansu a shekarun 1950. Kafin damina ta faɗi sai ga su da sabuwar riga, da fitila, da turamen atamfa, wani ma har da keke. Ɗan makaranta yana kallo, ba shi da ko ahu.

A nan ya kamata a yi wa iyaye da sarakuna adalci. Masanin tarihi Peter Tibenderana, wanda ya yi nazari a kan Lardin Sakkwato, ya nuna cewa ba ƙiyayyar sarakuna ce babban abin da ya hana boko yaɗuwa ba. Su Turawan ne ba su kashe kuɗi a kai ba, makarantun kaɗan ne, kuma guraben aiki ga wanda ya gama sun fi su ƙaranci. Yaron da ya ce wa abokinsa wahalar banza yake yi, ba ƙarya ya shirga gaba ɗaya ba.

Sabuwar Tsara a Kwalejin Katsina

To yaya waɗanda suka jure suka yi? A ganina amsar tana ga makarantar kwana. An buɗe Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a 1922, aka mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Yaron da ya shiga nan yakan yi shekara biyar cikin wasu yara daga Barno da Bauci da Bida da Sakkwato. Tare suke ci, tare suke salla, tare suke wasa. Ma'aunin ƙwazo a nan ya bambanta da na dandali. Wanda ya iya lissafi da Turanci shi ne gwani, malalaci shi ake yi wa dariya. Watau dai ba a raba yaron da matsin tsara ba, tsarar aka sauya masa.

Misalin da ya fi kowane fitowa fili shi ne na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An haife shi a 1912, mahaifinsa ba basarake ba ne, mai hidima ne a gidan hakimi. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya tarar da Ahmadu Bello na Rabah, jinin Shehu, wanda ya shiga a 1926. A gida, ɗayansu sai ya tuɓe takalmi kafin ya gai da ɗaya, a kwaleji kuwa allo ɗaya suke kallo. Ɓalewa ya rubuta Shaihu Umar a gasar da ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda shi ma ɗan kwalejin ne. A 1950 ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, abin da ya girgiza sarakuna, a 1957 kuma ya zama Firayim Minista. Shehu Shagari ma, wanda ya rasa mahaifinsa tun yana ƙarami, hanyar da ya bi ke nan: elementare a Yabo, Midil a Sakkwato, kwaleji a Kaduna, ya koyar a Sakkwato da Argungu, kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979.

Sai dai wannan hanya tana da nata farashin. Wanda ya sami sabuwar tsara yakan rasa tsohuwa. Ya dawo gida ana ce masa Malam, ana shimfiɗa masa tabarma dabam, abokan kiwonsa suna jin nauyinsa, shi ma bai san abin da zai ce musu ba. Ina jin mu ɗaliban jami'a da muka fito daga ƙauye ba ma bukatar a yi mana dogon sharhi a kan wannan.

Lokacin da Reshe ya Juya

Daga shekarun 1950 al'amari ya sauya. Gwamnatin Sardauna ta ƙuduri aniyar cika ofisoshin Arewa da 'yan Arewa, aka shiga Yaƙi da Jahilci, takardun Hausa suka yawaita. Wanda ya gama Midil ko makarantar horon malamai aiki ne ke jiransa. Yaran da aka kai makaranta da kuka suka fara dawowa gari a kan babur, wasu a mota, su ne malaman gona da na asibiti da akawuna. Masu halin da suka ɓoye 'ya'yansu a rumbu suka shiga cizon yatsa. A wannan zamani, a garuruwan da ke da makaranta, saurayin da bai ci jarrabawar shiga sakandare ba shi ne yake jin kunyar fita.

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. Yara suka yi cincirindo fiye da yadda aka yi lissafi, aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa, wasu azuzuwan a gindin bishiya. Ƙauyuka da yawa a lokacin suka fara ganin makaranta. Shekara guda kafin nan, a 1975, an kafa Jami'ar Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Makiyaya kuwa sai a 1989 aka kafa musu hukumar ilmi ta musamman.

Wannan daɗi bai daɗe ba. Kuɗin man fetur ya ja baya, a 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, albashin malamin makaranta ya zama abin tausayi. Makarantun kwana, waɗanda su ne mafakar ɗan talaka, suka lalace, wasu aka mai da su na jeka-ka-dawo. Wannan na ƙarshe, a ra'ayina, ya fi komai illa ga yaron ƙauye. Ɗan jeka-ka-dawo sa'a biyar ko shida yake yi a makaranta, ragowar yinin da daren duk na majalisa ne.

Zambon Zamani

Zargin kafirci ya ragu ƙwarai, musamman da makarantun Islamiyya suka haɗa karatun biyu. Abin da ya maye gurbinsa tambaya ce: wane da ya yi digiri, me ya samu? Tambayar tana da ƙarfi domin ana iya nuna mutumin da yatsa, ga shi can yana zaune a ƙofar gida da takardu a akwati. Gefe guda kuma ga sa'ansa da ya bar makaranta tun aji uku, ya yi kabu-kabu a Birnin Kebbi, ko ya yi ta kai-kawo da kaya a iyakar Kamba, ko ya tafi Ikko cin rani, yanzu yana da babur da babbar waya, har an sa masa rana. Da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015, noman rani ya ƙara samun kasuwa a fadamu, saurayi yakan ga kuɗi a hannunsa cikin 'yan watanni. Sana'a ba abin raini ba ce, kuma yaron da ubansa ya tsufa, ƙannensa ke jiran abinci, ba za a ce masa ya yi wauta don ya zaɓi abin da zai ci yau ba. Abin takaicin shi ne yadda wanda ya zaɓi sana'a ba ya barin wanda ya zaɓi littafi ya huta. In ya ɗauki takarda a ce yana nuna isa, in ya ƙi fitowa hira a ce ya fi ƙarfin mutane, in ya faɗi jarrabawar WAEC ko JAMB a yi shewa. Mu ma a jami'a mun ba su abin faɗa, domin yajin aikin malamai na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Sace ɗalibai da aka yi a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni na 2021 kuma ya sa iyaye da yawa sun tsorata da makarantar kwana.

Wannan hali ba namu ba ne mu kaɗai. Wani masani a Ingila, Paul Willis, ya bi wasu samari goma sha biyu 'ya'yan leburori a wata makaranta, ya wallafa abin da ya gani a 1977. Ya tarar suna yi wa masu ƙwazo ba'a, suna ɗaukar karatu aikin ragwaye, domin sun riga sun sakankance masana'anta za su ƙare kamar iyayensu. Da wannan ba'ar suka rufe wa kansu ƙofar da hannunsu.

Na 'ya'ya mata kuwa ya fi tsanani, kuma ya cancanci takarda tasa dabam. An fara makarantun mata na En'e a Kano da Katsina a 1930, amma a ƙauye abin da ake auna yarinya da shi shi ne ribar talla da kayan ɗaki. In sa'o'inta biyar sun yi aure ita tana aji huɗu, kowane biki da ta je tambaya ɗaya ce, ke sai yaushe? Abin sha'awa shi ne, ƙasar nan ta taɓa samun maganin wannan tun kafin boko. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ɗaiɗai ta riƙa koyar da matan ƙauye ba. Ƙungiya ta yi musu, 'yan taru, kowane ayari da jajiyarsa, su zo tare su koma tare, wadda ta yi sanyi sauran su ja ta.

An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, aka kafa jami'ar jiha a Aliero a 2006, sa'an nan Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, wadda mazauninta yake a Kalgo. Ɓalewa sai da ya bar ƙasar Bauci ya tafi Katsina kafin ya ga ɗalibin da zai yi koyi da shi. Yaron Dangoma kuwa a cikin ƙaramar hukumarsa jami'a take, yana iya gamuwa da ɗalibanta a tasha ko a kasuwa, wasunsu da yarensu da tufafinsu ba su bambanta da na yayyensa ba. Ko zai ɗauke su tsararsa, ko kuwa baƙi ne da suka zo suka tsadar da hayar ɗaki, wannan ya danganta ga ko sun taɓa tsayawa sun tambaye shi ajinsa nawa.